Mala Zarami da Garin da Ya Dasa a Lambu

Tasi'u ɗan Larai, kai ka sa aka juye yashi a kan lambun Mala Zarami. Kai ka kawo tifa, kai ka nuna wa direba inda zai sauke, kai ka sa aka zuba daɓen siminti ka ɗora injin buga bulo a kai. Kada ka ce yaran aikinka ne suka yi kuskure. An gan ka tsaye, hula a ƙeya, kana nuni da makullin mota. Na kama sunanka tun daga bakin ƙofa don kada wani ya ji maganar nan ya ce da wa tsohuwa take. Da kai nake. Amma koma gefe ka jira, ba don kai na buɗe baki ba. Akwai mutumin da ya kamata a faɗi alherinsa yana da rai, yana ji da kunnensa, ba sai an naɗe shi a likkafani a taru ana cewa Allah sarki mutumin kirki ba. In na gama da shi zan dawo kanka.

Wanda ya baro Haɗeja da sassafe ya kama hanyar Auyo, in ya kai Tudun Gumsu ya waiwaya, zai hango wani tsoho yana gangarawa fadama, sanda a kafaɗa, bokiti gaba bokiti baya. Dogo ne da ya ranƙwafa, yana jan ƙafar dama. Wannan shi ne Mala Zarami. In ya fito masallaci ba ya komawa shimfiɗa. Yakan sha kununsa a tsaye, ya ɗauki 'yar fartanyarsa wadda ƙotarta ta yi santsi don tsufa, ya nufi lambun da ke gindin tudu, ƙarƙashin itatuwan giyayya, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi ko da bazara ta kai maƙura. Ba ya kwarara wa shuka ruwa daga sama kamar mai wanke babur. Tsugunawa yake yi, ya tara tafin hannu, ruwan ya bi ta tsakanin yatsunsa ya shiga gindinta a hankali. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa. In ka matsa kusa, za ka ji sunayen mutane yake kira.

"Abdulmannan, ka yi ƙiba, ka matse wa ƙanwarka wuri. Bana sai na rage ka."

Abdulmannan ɗin nan magidanci ne, yana can Legas yana tuƙa babbar mota. Bai san ana yi masa faɗa a Tudun Gumsu ba.

Shuka iri ɗaya ce tak a lambun. Karanta yakan kai ƙugun mutum, ganyenta siriri mai baki kamar na zarto. Can wajen ƙarshen damina take fure, fari fat, kumburarre, bakinsa a ɗan buɗe, sak kan kififiya in ta leƙo daga ruwa tana shaƙar iska. Shi ya sa muke ce mata kan-kififiya. Ba a ci, ba a miya da ita, akuya ma sai ta rasa abin yi take shinshinarta. Da rani takan bushe ƙurmus, baƙo ya rantse ta mutu, alhali ranta yana ƙasa, a cikin tushe, yana jira. Ruwan farko na sauka sai ta fid da kai. Baƙo ne kaɗai bai san wannan ba. A riƙe wannan magana, za a buƙace ta a gaba.

Mahaifiyar Zarami ce ta zo da uwar tushen a ƙwarya, a bisa kanta, lokacin da danginsu suka taso daga bakin Tafkin Chadi suka yada zango a Kwarin Gumsu, tsohon garinmu da ruwa ya ci. A can, in mace ta haihu, akan binne mabiyiya a bayan ɗakinta, nan inda za ta yi wankan jego. In ta gama wanka, wurin ya sha ruwa ya yi laushi, sai a aika a kira mai kan-kififiya ya dasa ɗan tushe a gefen, don kada wani ya zo daga baya ya haƙa wurin ko ya kafa murhu a kai. Tsohuwar ce ta fara, Zarami ya gada tun yana saurayi. Yakan yi sallama, mata su kintsa, ya shigo kansa a sunkuye da tushen a ƙoƙo. Ya dasa, ya tambayi sunan jariri, ya maimaita shi a bakinsa, ya sa albarka, ya fita. Abin da ya taɓa shiga hannunsa a kan wannan aiki bai wuce ƙoƙon kunun kanwa ba. Haka ya yi ta yi har gashinsa ya yi fari kamar furen. Duk ɗan da aka haifa a Kwarin Gumsu yana da tushensa a bayan ɗakin uwarsa, kuma mutum ɗaya ne ya san su duka.

Sai shekarar babban ruwa. Kogi ya cika ya batse, ya cinye gonakin shinkafa, ya hau kan gari. Gidajen ƙasa suka narke kamar sukari a koko. Aka yi ta kwasar mutane a kwalekwale zuwa wannan tudu da muke kai yau. Da rana tsaka, ana gani, kwalekwale ɗaya ya daki kututture ya kife. Masunta suka faɗa suka tsamo kowa, ban da mace ɗaya: Mairam, 'yar Fanna, ita kaɗai ce Allah ya bar wa uwarta. An bi ruwa, an bi cikin dogayen ciyayin kachalla, an aika garuruwan gabas a tambaya. Ko ɗankwalinta ba a gani ba. Aka yi mata salla ba gawa. Ba ta da kabari.

Da ruwa ya fara ja, maza suka koma kufai ceton abin da ya saura. Wannan ya ɗauko kwanon rufi, wancan ƙyaure, wani turmin matarsa. Zarami ya shiga kwalekwalen Haladu masunci da tarin ƙore da tsofaffin buhuna.

"Mala," in ji Haladu, "mutane na ceton kwano, kai kana ceton ciyawa?"

"Kwano akwai shi a kasuwar Haɗeja. Tuƙa mu je."

Haladu yana nan da rai, a tambaye shi. Ya ce da suka isa babu katanga ko ɗaya a tsaye, sai taɓo shimfiɗe har inda ido ya ƙare, kachalla ta fara leƙowa. Shi da aka haifa a garin bai gane ƙofar gidansu ba. Zarami ya je ya dafa kututturen tsamiyar masallaci, sannan ya shiga tafiya cikin taɓo kamar mai bin lungu, yana kaucewa inda dā akwai kwana, yana sallama a inda dā akwai zaure. In ya kai bayan ɗakin wata, sai ya laluba da ƙafa, ya sunkuya ya cusa hannu har kafaɗa. Matsattsaku suka yi masa kaca-kaca da ƙwauri. A can wani ƙarfe ya yanke shi, ƙafar ta rube ta warke a karkace, shi ne jan ƙafar da kuke gani.

Ga yadda yake ɗebo tushe, don mun gani da idonmu daga baya. Kafin ya taɓa shi, sai ya duba rana ya ɗaura ƙullin ciyawa a gefen da ke kallon gabas. Ya haƙa kewaye da faɗi, nesa da saiwa, ya ɗago shi da curin ƙasarsa gaba ɗaya, ya zaunar da shi a ƙwarya, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ba ya kakkaɓe ƙasar. Ba ya dasawa da rana tsaka, sai bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Zurfin da yake a can, shi zai ba shi a nan, ba ƙari ba ragi. Ya juya shi har ƙullin ciyawar ya kalli gabas, ya danna ƙasa da tafin hannu, ya shayar da shi har ya ƙoshi, ya lulluɓe gindin da ɓuntun shinkafa. Na taɓa tambayarsa amfanin ƙullin.

"Ya Saude," ya ce, "an raba ta da gida, kuma a canja mata alƙibla? Abin ya yi mata yawa."

Ya yi ta zirga-zirga tsakanin kufai da tudu har ruwa ya janye kwalekwale ya daina zuwa, ya koma tafiya a ƙasa da ƙwarya a ka, kamar yadda uwarsa ta shigo da ita. Mu duk muna fama da kafa rumfuna da neman abin sakawa a baki, ba wanda ya kula da abin da yake yi a gindin tudu. Sai da damina ta zagayo, shukar ta tashi, muka gangara muka gani. Ba a layi ya jera su ba kamar mai lambun albasa. Garinmu ya ajiye a wurin. Ga lungun masunta, ga na maƙera. Ga fili a tsakiya da ya bari ba komai, nan ne masallaci. Ya kifa tsohuwar tukunya a inda rijiya take. Kowace uwa da 'ya'yanta a dunƙule, kusa da maƙwabciyarta ta dā. Mata suka shiga bin 'yan hanyoyin suna nuni da yatsa, wata na dariya wata na share ido da bakin mayafi.

Hafsat da Ummussalma, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna faɗa a kan kaji ta saman zana, suka tarar da 'ya'yansu kafaɗa da kafaɗa.

"Haba Mala," in ji Hafsat, "duk faɗin lambun nan ka rasa inda za ka kai nawa sai gindin wannan matar? Ruwa ya raba mu, kai ka sake haɗa mu?"

"Ba ni na gina muku gida ba. Yadda na tarar, haka na ajiye."

"Ƙyale ta, Mala," in ji Ummussalma. "Baƙin ciki take, ko a lambun ma nawa sun fi nata tsawo."

Ran nan ne aka fara jin dariya a Tudun Gumsu.

Amma Fanna ba ta zo ba. Tun ranar da kwalekwale ya kife, kullum in gari ya waye sai ta tafi bakin kogi ta tsaya tana kallon ruwa har rana ta take. Ba ta kuka, ba ta magana. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, liman ya yi nasiha. Ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Zarami kuwa yana can lambunsa duk wannan lokaci. Sai da kan-kififiya ta yi fure, ya bi ta bakin kogi, ya tsaya nesa kaɗan.

"Ya Fanna, ina da ajiyarki. Ta yi mini nauyi, zo ki gani."

Ta biyo shi. Ya kai ta gefen gabas na lambun, ya nuna mata tushe ɗaya tilo, ba wa ba ƙane, ya yi fure har karan ya sunkuya.

"Ga na Mairam. Ba kabari ba ne, kada ki ɗauke shi kabari. Addu'a ki yi ta a kan sallayarki, Allah ya san inda take. Amma ƙasar da ke jikin saiwar nan ta bayan ɗakinki ce, ban zubar da ko kaɗan ba. Ƙafata ba ta da lafiya, in za ki riƙa ba shi ruwa kin rage mini aiki."

Fanna ta durƙusa ta dafa ƙasar da hannu biyu. Sai a lokacin kukan ya zo. Zarami ya ɗauki bokitansa ya koma can ƙarshen lambu, ya juya baya, ya shiga cire ciyawar da babu ita. Daga ranar ba ta sake zuwa bakin kogi ba. Da safe ta zo da butarta ta shayar da tushen, ta koma ta ci abinci. Matar da muka fid da rai da ita, ga ta nan tana sana'ar ƙuli-ƙulinta. Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne, duk unguwa shaida ce.

Daf da na Mairam akwai wani tushe. Na Tasi'u ne, don zana ɗaya ce ta raba ɗakin Fanna da na marigayiya Larai. Kuma ba zana kaɗai ba. Lokacin da Larai ta kwanta ciwon nono, Tasi'u yana jinjiri yana neman mutuwa da yunwa, Fanna ce ta haɗa shi da Mairam a ƙirjinta, wannan dama wannan hagu.

To, da ranin nan idon Mala Zarami ya yi yana. Aka kai shi asibiti aka yi masa aiki, ya zauna jinya a gidan 'yarsa a cikin Haɗeja. Shukar ta bushe kamar yadda ta saba. Fanna kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Tasi'u yana da filin buga bulo a sama da lambun, ya daɗe yana ƙorafin ruwa ya yi masa nisa. Ya ga mai wuri ba ya nan. Kafin mu farga, tifa ta yi ta shiga tana fita, rabin lambun na gabas ya koma tudun yashi. Muka fito muka yi magana, ya ce mu koma gida, maganar fili ba ta mata ba ce. Muka je wurin mai unguwa, ya ce zai duba. Yana cikin dubawa aka zuba daɓe, aka kafa inji, ruwan siminti ya shiga malala cikin sauran.

Ranar da Zarami ya dawo, ko gida bai shiga ba. Daga kan babur ya sauka ya gangara, baƙin tabarau a ido, yana dogara sanda. Ya tsaya ya daɗe. Ya cire tabaraun, ya mayar. Injin na ta ƙara har Tasi'u ya sa aka kashe.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Tasi'u, me ka ɗora a nan?"

"Sana'a ce, Baba. Na zo na duba, ba komai sai busassun kara. Na ɗauka sun mutu."

"Tun kana rarrafe kake ganinsu suna bushewa da rani. Wace shekara ce ba su tashi ba?"

Tasi'u ya sosa ƙeya, ya sake salo.

"Gaskiya, Baba, abin nan ma akwai camfi a ciki. Mutane su riƙa zuwa suna tsugunawa gaban ciyawa, ai bai dace ba."

"Ka taɓa ganin wanda ya roƙi fure? Bokiti suke zuwa da shi, ba buƙata ba. In kishin addini ne ya kawo ka, da liman za ka zo, ba da tifa ba."

"To, bari in gama aikin da na karɓa, sai mu ga yadda za a yi."

"Ka san wa ke ƙarƙashin injin nan?"

Tasi'u ya laluba aljihu. Ya ce ana kiransa a waya, ya hau tudu.

Likita ya ja wa Zarami kunne: kada ya sunkuya, kada ƙura ta shiga idon. Washegari da sassafe aka same shi durƙushe a kan yashi yana tonawa da ƙoƙo. Fartanya ma ya ƙi sawa, wai kada ya sare wani. 'Yarsa ta zo daga Haɗeja ta yi kuka, ta yi fushi, ta koma. Mu ma da muka ga haka muka fito da ƙorenmu da kwanukanmu muka shiga kwasar yashi, tsofaffi da masu goyo. Duk inda ya ce a tona, a nan tushe yake. Wasu an same su da sauran rai. Wasu ruwan siminti ya ƙone su, sun yi baƙi, in ka matsa sai su marmashe. Ya ɗauki kowanne ya shinshina, ya kankare da farce ya ga ko akwai fari a ciki. Mai rai ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Matacce ya faɗi sunansa, ya kira uwar in tana nan, ya ce mata ta yi haƙuri, zai raba daga na ɗan'uwansa ya mayar. Idon da aka yi wa aiki ya yi ja, ya kumbura, yanzu ya koma hazo. Da ido ɗaya yake aiki a yau.

Muka kwashe yashi har muka kai bakin daɓen siminti. Nan hannu ya ƙare. A daidai gefen, rabi a waje rabi a ciki, Zarami ya zaro wani tushe da ya ƙone gefe guda. Ya kankare, ga ɗan fari a ciki.

"Na wa ne, Mala?" in ji Hafsat.

"Na Tasi'u."

Ni ce na ce a jefa shi a kogi, kuma har yau ban janye ba. Ummussalma ta ce a kai masa a zuba a injinsa ya buga bulo da shi. Zarami ya yanke ƙonannen gefen da wuƙa, ya shafa toka a wurin yankan.

"Larai ce ta ba ni amana, ba Tasi'u ba. Ranar da na dasa shi bai yi wa kowa laifi ba."

Fanna tana tsaye tana kallon daɓen da ya danne tushen Mairam. Ba ta zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Mala, tana da rai a ƙarƙashi?"

"Tana barci, Ya Fanna. Muddin ruwa bai sauka ba, tana barci. In ruwan farko ya jiƙa ƙasa za ta farka ta nemi hanyar fita. In ta tarar da siminti a kanta, ruɓewa za ta yi."

"Kuma ba wanda za a raba a mayar mini."

"Babu. Ita kaɗai ce."

Ya kai tushen Tasi'u gida, ya sa shi a fasasshen tulu a inuwar zaurensa, yana ba shi ruwa da hannunsa. Tushen ya farfaɗo, ya fid da kai. Muka ce to ya dasa shi mana ko'ina ne ya huta. Ya ce shi ba ya dasa mutum ba maƙwabcinsa. Tare suka taso, zana ɗaya, nono ɗaya, sai dai su koma ƙasa tare.

Fanna ta koma zuwa da butarta. Tana zuba ruwa a gefen daɓen Zarami ya hana ta, ya ce kada ta tashe ta tun hanya ba ta buɗe ba. Yanzu zuwa take ta zauna kawai, butar a cike, injin na girgiza ƙasa a gabanta. Jiya an gan ta a hanyar kogi.

Mala Zarami, yanzu da kai nake. Kai ne giyayya, mai tsayawa a cikin ruwa in sauran itace sun faɗi. Kai ne ka shiga gidajenmu kanka a sunkuye shekara da shekaru, ba a taɓa jin maganar ɗakin wata a bakinka ba. Da muka fito daga ruwa da zanen jikinmu, kowa yana kukan abin da ya rasa, kai ne ka koma ka ɗauko mana garin a ƙwarya. Ka ba da ƙafa, ka ba da ido, ba wanda ya aike ka, ba wanda ya taɓa tara mutane ya ce an gode. 'Ya'yan da ka san sunayensu tun suna cikin tsumma suna wuce ka a mota, wasu ko hannu ba sa ɗagawa, kai kuwa kana can kana cire musu ciyawa a gindi. To, ga shi yau mun faɗa kana ji. Mun gode, Mala. Allah ya saka maka da abin da ba mu da shi, ya mayar maka da hasken idonka, ya jiƙan tsohuwar da ta ɗauko ƙwaryar nan a ka. Ya sa inuwar da ka yi wa 'ya'yanmu ka tarar da wadda ta fi ta.

Ka ce daga daminar bana ka ajiye fartanya, gwiwa ta ƙi. Mun ji, kuma hakkinka ne. Saura mu. Duk wadda ta haihu a Kwarin Gumsu ko a wannan tudu, ta gangara da la'asar ta koyi ƙullin gabas da raba tushe tun mai koyarwar yana iya tsugunawa. Mazan da ke zaune gindin bishiya suna cewa Mala akwai ƙoƙari, bokiti ba ya cizo. Waɗanda ke birni, in kun zo hutu ku tambayi inda naku yake, ku gaishe da mutumin da ya hana shi mutuwa. Ba a ce kowa ya zama Zarami ba. Amma kowa ya duba abin da aka ba shi amana wanda ba mai dubawa, ya riƙe shi kamar ana gani.

Na dawo kanka, Tasi'u. Shamuwa ta sauka a kan rimin kasuwa, gabas ta fara haɗa gira. Kai ɗan fadama ne, ka san abin da wannan ke nufi. Ba bayan Salla ba, ba in ka gama aikin da ka karɓa ba. Ka zo da mutanen da suka zuba daɓen nan su fasa shi daga gefe, a hankali, Mala yana tsaye yana nuna musu inda za su sa guduma. Mai unguwa, kai ma ka gama dubawar haka nan, ka fito ka tsaya a yi a gabanka, in ba haka ba kai ma akwai tambaya a wuyanka.

Kuma fasa daɓe ba zai wanke ka ba. Tushenka yana nan a fasasshen tulu, a zauren mutumin da ka ci wa ido, yana jiran 'yar'uwarka. In an fito da ita, ka cire hular nan, ka tsaya gaban matar da ta ba ka nono, gaban matan unguwa da ka ce magana ba tasu ba ce, ka amsa mata da bakinka. Ruwa ya rufe Mairam sau ɗaya, wannan hukuncin Allah ne, mun sallama. Na biyun fa, wa ya ba ka izini?